Matar da ta ɓoye zanenta shekara 20: labarin Hilma af Klint

 Yau Suwidin za mu leƙa.

Idan ka buɗe tsofaffin littattafan tarihin zane na Turai, za su ce maka Wassily Kandinsky, ɗan Rasha, shi ya fara zanen da ba ya kwaikwayon komai, wato babu mutum, babu bishiya, sai launi da da'ira da layi, a wajajen 1911. To amma akwai wata mace da ta riga shi da shekara biyar.

An haifi Hilma af Klint a 1862 kusa da Stockholm, a gidan hafsoshin sojan ruwa masu zana taswirar teku. A nan ta tsotsi son lissafi da auna abu daidai. Ta yi karatu a babbar makarantar zane ta masarautar ƙasar daga 1882 zuwa 1887, ta kuma riƙa zanen fuskokin mutane da tsirrai tana samun na abinci.

A 1880 ƙanwarta Hermina ta rasu tana ƙarama. Mutuwar nan ta girgiza Hilma, ta ƙara nutsewa cikin tambayar abin da ke bayan mutuwa. A 1896 ita da wasu mata huɗu suka kafa ƙungiya mai suna "Su Biyar". Sukan taru su yi addu'a, su yi zaman da suka yi imani suna karɓar saƙo daga ruhohi. Ba aƙidarta nake tallatawa ba, amma fa idan ka cire wannan, ba za ka fahimci aikinta ba. A ganinta, umarni aka ba ta ta zana abin da ido ba ya gani.

Daga 1906 zuwa 1915 ta yi zane 193 da ta ce na wani ɗakin ibada ne. Goma daga ciki, waɗanda ta yi a 1907, kowanne ya haura mita uku a tsayi, suna nuna rayuwar ɗan Adam daga yarinta zuwa tsufa. Ana tsakiyar aikin ta dakata, daga 1908 zuwa 1912, tana jinyar mahaifiyarta da ta makance. Shekara huɗu cur! Mata nawa muka sani da hidimar gida ta tsayar musu da aiki, kuma ba wanda ya rubuta?

Ta rasu a 1944, bayan hatsarin jirgin ƙasa na cikin gari. Ta bar zane sama da 1,200 a hannun ɗan ɗan'uwanta, Erik af Klint, da sharaɗin kada a nuna su sai ta shekara 20 da mutuwa, don tana ganin mutanen zamaninta ba za su gane ba. Erik ya riƙe amana. A 1970 aka yi wa gidan adana zanen zamani na Stockholm tayin kayan kyauta, suka ce ba sa so. Sai dangi suka kafa gidauniya a 1972. A 1986 aka nuna zanenta a Los Angeles, sannan a 2018 zuwa 2019 mutum sama da 600,000 suka je kallonsa a Guggenheim na New York, adadin da gidan bai taɓa gani ba.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masana sun ƙi ta, dangi ne suka tsare ta. Da Erik ya ga tarkace ne ya zubar, da yau ba mu da labarin. Don haka ku tambayi kanku: wane akwatin takardu ne na kaka ke ƙarƙashin gado gara na ci? Ku buɗe, ku ɗauki hoto, ku adana.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.