Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Famfo Da Fashewar Bututu A Ƙasarmu

Gabatarwa

Hausawa na cewa ruwa abokin aiki, kuma duk wanda ya taɓa kwana da ƙishirwa ya san ba su yi ƙarya ba. Abin mamaki shi ne, marubutanmu sun cika takardu da tarihin yaƙe-yaƙe da sarautu, sun ba mu labarin Gobir da Zamfara da Kabi, amma da wuya ka ci karo da wanda ya zauna ya rubuta tarihin ruwan da sarki da talaka suke sha. Wannan maƙala za ta ɗan taɓa wannan fage. Za mu duba yadda kakanninmu suke gane ruwa mai kyau, da yadda famfo ya shigo ƙasar Hausa, da abin da kan faru idan bututu ya fashe, sannan mu dawo yammacin Zamfara, wato ƙasashen Gummi da Bukkuyum da Anka. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, tun ranar da muka ajiye guga muka kama famfo, lafiyarmu ta zama amana a hannun wasu, kuma ido kaɗai bai isa ya ba ruwa shaida ba.

Ma'aunin Kakanni

Kafin zuwan Turawa, da ma shekaru masu yawa bayan zuwansu, mutanen wannan yanki sun dogara ne ga rijiya da tabki da Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Anka ya gangaro Gummi. Idan rani ya yi tsanani gulbi ya janye, sai a tona rairayinsa a jira ruwa ya tsattsafo. Ma'aunin ruwa mai kyau kuwa abu uku ne: launi da ɗanɗano da wari. Su ne dai abubuwan da malamanmu na fiƙihu suke dubawa kafin su ce ruwa ya halatta a yi tsarki da shi. Mata kuma suna da tasu hikimar. Sukan bar ruwa ya kwana a randa laka ta kwanta, ko su tace shi da ƙyalle, ko su jefa masa ɗan alif.

Wannan ma'auni ya yi wa jama'a amfani ƙwarai, sai dai an kafa shi ne domin tsarki, kuma akwai cutar da kan ɓuya a ruwan da ya cika duk sharuɗɗan nan uku. Kurkunu ya ishe mu misali. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne na ruwan tabki suke ɗauke da shi, mutum ya sha bai sani ba, sai bayan kamar shekara guda tsutsar ta fasa ƙafa ta fito, sau da yawa a tsakiyar aikin gona. A ƙidayar 1988 an samu mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Da aka dage da raba ƙyallen tace ruwa da haƙa rijiyoyin burtsatse, tare da taimakon Cibiyar Carter da ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon, sai ga shi an ga mutum na ƙarshe mai cutar a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita a 2013.

Zuwan Famfo

Turawan da suka kawo mana famfo su ma sai da suka sha wuya suka gane haɗarin ruwa. A 1854 kwalara, wato amai da gudawa, ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana lissafin mamatan, har ya gano yawancinsu daga rijiya ɗaya suke sha, ya sa aka cire hannun famfonta. Daga baya aka tarar salga ce a gefen rijiyar take tsiyaya ciki, alhali kuwa mutanen unguwa suna yabon daɗin ruwanta. Daga irin wannan darasi ne biranen Turai suka dage da tace ruwa da rairayi, sannan a farkon ƙarni na 20 aka shiga sa masa sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta.

A Nijeriya, an buɗe gidan ruwan Iju na Legas a 1915. A ƙasar Hausa kuwa babban aikin da aka fi tunawa shi ne na Kano, wanda aka buɗe a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka haɗa shi da wutar lantarki, kuma da kuɗin baitulmalin En'e aka yi shi. Ana janyo ruwa daga kogin Challawa, a tura shi tanki bisa Goron Dutse, daga can ya gangaro gari.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake yi a irin wannan gidan ruwa. Da farko akan zuba wa ruwan kogi alif, laka ta dunƙule ta kwanta a ƙasan manyan kwamaye. Daga nan ruwan ya bi ta cikin rairayi ya tsane. Sai a sa masa kulorin, kuma da gangan akan sa shi ya ɗan yi saura, domin ya raka ruwan cikin bututu har bakin famfo, kamar yadda dogari kan raka baƙon sarki har masauki. Saboda haka ɗan warin maganin nan da wasu ke ƙyama a ruwan famfo, shi ne shaidar ɗan rakiya ya iso da ransa.

Idan Bututu Ya Fashe

Yawancinmu idan muka ga ruwa na malala a titi, asarar ruwan muke wa tsaki. Haƙiƙa asara ce, amma ba ita ce babbar musiba ba. Muddin bututu na cike kuma ruwa na tafiya da ƙarfi, to, waje yake feshi, ƙazanta ba ta samun hanya. Da zarar an ɗauke ruwa bututu ya zama wayam, sai ya koma tsotso. Duk abin da ke kwance kusa da tsagar, ruwan kwata ne ko na salga, ciki zai nufa, kuma ranar da aka sako ruwa shi zai riga kowa isa randa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A garuruwanmu kuwa, inda ake ba da ruwa yau a ɗauke gobe, inda ƙananan bututun gidaje suke ratsa cikin lambatu, bangon a tsage yake kullum.

Dalilan fashewa sanannu ne. Akwai tsufa da tsatsa, domin bututun ƙarfe da na siminti da aka binne shekaru aru-aru suna da iyakar kwanansu. Akwai zaizayar damina da ke tone su, da manyan motoci da katafilar gyaran hanya da ke taka su. Akwai masu huda babban bututu da dare su ja ruwa gidajensu ba da izni ba. Akwai kuma wutar lantarki, wadda idan ta dawo ba zato injuna suka tashi gaba ɗaya, ruwa kan doki iskar da ta cika bututu har mahaɗa ta ɓalle.

Gyara na ƙa'ida yana da matakai. Da an samu rahoto, ma'aikata za su rufe bawul na gaba da na baya, su killace wurin. Za su haƙa rami ya zarce ƙasan bututun, su kwashe gurɓataccen ruwan da ya taru don kada ya koma ciki. Za su yanke inda ya lalace su sa sabo, ko su ɗaure shi da maɗauri, bayan sun wanke kayan da ruwan kulorin. Sannan a saki ruwa ya wanke layin har ya yi garau, a auna ko akwai sauran kulorin, a ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya fito, wajibi ne a yi shela a unguwa, a ce kowa ya tafasa ruwan sha. Gyaran da aka tsaya a ɗaure bututu da robar taya a mayar da ƙasa, rufe tsiraicin titi ne kawai.

An Gina, An Bar Gyara

A zamanin farin 1972 zuwa 1974 da kuma bayansa, lokacin da kuɗin mai ya shigo, gwamnatoci sun duƙufa ga manyan ayyuka. Audu Bako ya gina madatsar Tiga a Kano, aka gama ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, daga baya ta Goronyo ta biyo. Amma tara ruwa daban, kai shi bakin mai sha da tsabtarsa daban. Da aka karya darajar naira a 1986, kayan gyara da magungunan tace ruwa, waɗanda akasari daga waje ake sayo su, suka yi tsadar da hukumomin ruwa suka kasa ɗauka. Garuruwa suka yi ta faɗaɗa, bututu na nan inda yake. 'Yan ga-ruwa da masu rijiyar burtsatse da masu ruwan leda suka cike giɓin.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Kwalara, wadda ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta kashe fiye da mutum 7,000 a 1991. Binciken da aka yi kan ɓarkewarta a Kano a 1995 zuwa 1996 ya nuna haɗarin ruwan da ake tallansa a titi, da kuma amfanin wanke hannu da sabulu. A 2021 ta sake ɗaukar rayuka fiye da 3,000, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A 2018 gwamnatin tarayya da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsabta, ta kuma bayyana cewa masu samun ruwan famfo sun ragu daga kashi 32 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 7 a 2015. Doka kuwa akwai ta, domin tun 2007 aka fitar da ma'aunin ruwan sha na ƙasa, wanda ya ƙayyade yawan kowane sinadari, ya kuma hana a samu ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a ruwan da aka auna.

Darasin Anka Da Bukkuyum

Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, ta ga abin da ya fi kwalara ɓuya. A 2010 likitocin ƙungiyar Na-gari Na-kowa suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano har da Bagega. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙurar ce ta fi yin ɓarna, amma gwaji ya nuna gubar ta shiga tabkuna da wasu rijiyoyi. Yara wajen 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, aikin Bagega ma sai a 2013 aka yi shi.

Dalma ba ta sauya wa ruwa launi, tafasawa ba ta fitar da ita, kulorin ba ya kashe ta. Abin da doka ta yarda da shi bai wuce miligiram 0.01 a lita guda ba, kuma ba harshen da zai iya ɗanɗano wannan. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya gani. Haka nan ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agusta 2024 ta tuna mana cewa idan ruwa ya shafe gari, salga da rijiya da bututu duk sukan zama abu guda, kuma bayan ya janye kowace mashaya na bukatar wanki da magani da gwaji kafin a koma mata.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa ranar buɗe gidan ruwa, da makaɗa da yankan ƙyalle, ita ce rana mafi sauƙi a rayuwarsa. Aikin gaskiya na hannun mai zagayen duba layi, da mai auna kulorin da asuba, da akawun da zai fitar da kuɗin alif a kan kari. Haƙƙin jama'a ne su kai rahoton fashewa, su biya kuɗin ruwa, su daina huda bututu, su nisanta salga daga rijiya. Haƙƙin hukuma ne ta gyara bisa ƙa'ida, ta gwada, ta kuma faɗa wa mutane gaskiyar abin da gwaji ya nuna.

Mu kuwa marubuta, musamman masu tasowa, ga fage nan a buɗe. Dattawan da suka ga ranar da aka kafa famfo na farko a garuruwanmu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, haka ma tsofaffin ma'aikatan ruwa, waɗanda taswirar bututun gari take cikin kawunansu. A je a zauna da su, a tambaye su yaushe aka binne layin kaza, wa ya haƙa rijiyar kaza, wace shekara annoba ta shigo kuma ta wace unguwa. A rubuta da sunan wuri da shekara, domin na baya su san inda aka yi daidai da inda aka yi sake. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya kare mu daga cutar da ido ba ya gani, amin.