Shekarar da Ƙura Ta Cinye Mana 'Ya'ya

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum sun lura agwaginsu na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma wa zai tsaya makokin agwagwa alhali zinare na fitowa? Farashinsa a kasuwar duniya ya haura dala dubu kowane oza, manomin da bai taɓa riƙe kuɗi masu kauri ba sai ga shi da sabon babur. Sai kuma yara suka biyo baya: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, daga nan sai likkafani.

Mun san sanƙarau, mun san zazzaɓin cizon sauro, don haka su aka fara zargi. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau suka tarar da sababbin kaburburan yara da yawansu ya wuce hankali. An ba da magungunan da aka saba, babu sauƙi. Sai da aka kai jinin yaran ɗakin gwaji a Turai amsa ta fito: gubar dalma ce.

Dutsen zinaren wannan yanki, daga Anka har ka doshi Gummi, wani yana ɗauke da dalma mai yawa. Da a bakin rami aka bar shi, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Amma gida ake kawo shi a buhu, a daka a turmi, a niƙa a irin injin da ke niƙa mana gero, a shanya garin a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Hanjin ƙaramin yaro kuwa ya ninka na babba wajen zuƙar dalma, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ƙwari ba. Da masana daga hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma a watan Mayu, sun samu cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Na'urar gwajin jinin da aka zo da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, jinin yara da dama kuwa ya zarce iyakarta, alhali a wancan lokacin 10 ma abin damuwa ne. Aƙalla yara 400 muka binne.

Magani akwai shi. Sunansa DMSA, ana sha ta baki, ya kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Wanda gubar ta riga ta taɓa wa ƙwaƙwalwa sai a haɗa masa da na allura. An buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, mace-mace suka ragu ƙwarai. Sai dai likitocin sun kafe kan wani sharaɗi da ya yi wa iyaye ɗaci: ban da wanda ke bakin mutuwa, ba a fara wa yaro magani sai an share gidansu. In ka wanke jini ka mayar da yaro cikin ƙurar da ta sa masa ciwon, zuba ruwa a kwando ka yi. Saboda haka shebur ya riga ƙwaya shiga gari. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da matasan ƙauyukan, suka kankare saman ƙasa gida-gida a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza, suka binne ta nesa, suka zubo sabuwa.

Bagega, wadda ta fi su girma, ita aka bari tana jira. Yaranta da aka san suna ɗauke da guba sun zauna babu magani shekara da shekaru domin kuɗin sharar bai fito daga Abuja ba. Sai a farkon 2013, bayan Hamzat Lawal da abokansa sun cika intanet da kiran a ceci Bagega, gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Wannan jinkiri, a ganinmu, shi ne mafi munin babi a labarin, domin a lokacin babu wanda zai ce bai sani ba.

Haramta haƙar da hukuma ta yi tun farko bai hana komai ba. Abin da ya jawo shi ne wasu suka riƙa ɓoye injin, har da ɓoye rasuwar yaro, kada a toshe musu hanyar abinci. Abin da ya yi aiki ya fi wannan sauƙi: a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa, mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. A 2022 MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata. Wasu sun makance, wasu sun shanye, wasu karatu ya gagare su, domin DMSA na fitar da dalma ne daga jini, ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalata.