Tarihin Injin Rataye da Mas'alar Mazauninsa a Jirgin Iska

Tun kafin a san fetur, ma'abota teku sun dogara ga iska da ƙyallen da suke ɗaura wa jirgi, har ya zamana idan Allah Ya tsayar da iska, ko kuwa aka zo shiga mashigi mai ƙunci, babu abin yi illa a ɗauki filafili a yi ta tuƙi har kafaɗa ta gaji. A shekarar 1881 wani Bafaranshe mai suna Gustave Trouvé ya gwada ɗan injin lantarki da ake ɗorawa a bayan kwalekwale a kogin Seine, amma wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norwe wanda ya girma a Amurka, ya kuma fara sayar da injinsa na fetur a birnin Milwaukee a 1909. Ana ba da labari wai wahalar tuƙi ce a kan wani tafki, ran da ya je sayo wa budurwarsa abin sanyi ya narke a hanya, ta sa shi wannan ijtihadi. Allah ne masani.

To, sai dai an ƙera waɗannan injuna ne domin ƙananan kwalekwale masu gajeren baya, alhali kuwa jirgin iska katakon bayansa dogo ne, sau da yawa ma a karkace yake, ga shi kuma idan igiyar ruwa ta ɗaga goshinsa ta sauke, gindinsa kan yi sama har farfela ta fito fili. Nan mas'alar take, kuma hakika ba ƙarama ba ce. Idan aka kafa inji ya yi sama, farfela sai ta zuƙi iska maimakon ruwa, ka ji ya yi kururuwa jirgi bai motsa ba, famfon da ke ɗebo ruwan sanyaya shi kuma ya bushe, zafi ya halaka shi. Idan kuwa aka yi ƙasa da shi fiye da kima, igiyar da ta biyo baya sai ta rufe kansa ta kashe shi a lokacin da aka fi bukatarsa, ban da jan da ƙafarsa ke yi wa jirgi yayin da ake tafiya da iska.

Maƙera sun ɓullo wa lamarin ta fuska biyu. Suka tsawaita ƙafar inji, har aka daidaita a kan inci 15 ga gajere, 20 ga dogo, 25 ga mafi tsawo, kuma injin British Seagull da a da aka daɗe ana ƙerawa a garin Poole na Ingila ya yi suna wajen masu ƙananan jiragen iska saboda dogon samfurinsa. Sa'an nan suka ƙago maratayi mai sifirin, wanda ake saukewa in za a tayar da inji, a ɗage shi in iska ta kama. Ƙa'idar da masu sana'ar suka yi ittifaƙi a kanta ita ce a auna jirgi yana bisa ruwa da kayansa da mutanensa, domin abin da aka auna a tudu ƙarya ne, kuma faifan da ke bisa farfela ya kasance a nutse ko da mutum ya tafi goshi ya cire anga. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi gafala da shi.

Da injin rataye ya iso gaɓar Gana a ƙarshen shekarun 1950, masuntan Fante, waɗanda su ma da ƙyalle da filafili suke fita teku, sun tarar jirginsu na icce ɗaya mai tsini ne gaba da baya, babu wurin ratayawa, sai kafintocinsu suka kafa masa mazauni na katako a gefe kusa da gindi, kuma a nan ake ɗaura injin Yamaha har yau a Elmina da Tema.