Turunku da Babanni Arba'in

A Kinkinau aka haife ni, unguwar da ba ta da ganuwa, cikin birnin da shi kansa yaro ne a gaban tsofaffin birane, domin sai a 1917 Turawa suka mayar da Kaduna mazaunin mulkin Arewa. Na tashi ina ganin kamar tarihi kayan Kano da Katsina ne, mu kuwa layin dogo da barikin soja muka gada. Ashe uwar Zariya na nan kusa da mu, a Ƙaramar Hukumar Igabi.

Ranar da na fara zuwa Turunku ban ga abin da zai tsayar da matafiyi ba, sai duwatsu da gonaki da wasu tudun ƙasa da ciyawa ta rufe. Wani dattijo ne ya nuna mini cewa tudun nan ragowar ganuwa ce. A nan Bakwa Turunku ta zauna (wasu na cewa namiji ne, ni dai na bi bakin mutanen garin), kuma jerin sarakunan Zazzau ya sa hawanta a wajen 1536. Ana cewa ƙarancin ruwa ne ya sa aka tashi zuwa gindin Kufena, inda sabon birni ya ɗauki sunan ƙaramar 'yarta, Zariya. Babbar kuwa, Amina, ba ta buƙatar gabatarwa.

Masana ba su daidaita kan zamanin Amina ba. Littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wato shekara ɗari kafin Bakwa. Wannan saɓani bai hana ni barci ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gaisuwar da littafin ya ce Sarkin Nufe ya aiko mata: goro dubu goma da babanni arba'in. A makaranta goron aka koya mana, aka ce shaida ce ta bunƙasar fatauci. Babannin kuwa aka tsallake su.

Baba dai bawa ne da aka yanke masa mazantaka domin tsaron gidan sarki, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa haka ba sa rayuwa. Kafin arba'in su iso da ƙafafunsu, yara nawa aka binne a hanya? Wane ƙauye aka faɗa wa da asuba? Marubucin ya ƙidaya su kamar yadda ya ƙidaya goro, bai ambaci sunan ko ɗaya ba. A ganina wannan ne laifi mafi tsufa da aka rubuta a tarihin yankinmu, ko da yake babu alƙalin wancan zamani da zai kira shi laifi.

Abin bai ƙare da Amina ba. A ƙarni na 19 Zazzau na kai bayi Sakkwato cikin gaisuwarta, ana kamo su daga ƙasashen kudu da wannan kogi da nake ƙetarewa kullum. Lugga ya yi shelar 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bautar baki ɗaya ba sai 1936. A shekarar kakata tana budurwa.

Da za mu rabu na tambayi dattijon nan ko su wa suka ɗebo ƙasar ganuwar. Ya dubi tudun, ya ce Bakwa ce ta gina.