BABI NA UKU: KAYAN TARIHIN RUNDUNAR SOJAN DOKI MASU MASHI TA INGILA DA MATSAYINSU A NAZARIN TARIHI

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a dubi ire-iren kayayyakin da gidan adana kayan tarihi na rundunar sojan doki yake tarawa, da kuma iyakar dogaron da mai nazarin tarihi zai iya yi da su. An ɗauki gidan tarihin rundunar masu mashi da ke Thoresby, cikin gundumar Nottingham ta ƙasar Ingila, a matsayin misali. Dalilin haka kuwa shi ne, sunan wannan runduna ya fito ne ta hanyar yaƙe-yaƙe guda biyu waɗanda aka yi rubuce-rubuce masu yawa a kansu, wato yaƙin Balaklaba na 1854 da yaƙin Omdurman na 1898. Wannan ya ba da damar a gwada abin da kayan suke nunawa da abin da aka rubuta. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: shin takobi ko begila ko lambar yabo da aka ajiye cikin gilashi ta isa hujja a kan abin da ya auku a fagen fama?

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Rundunar

Tushen wannan runduna biyu ne. Na farko shi ne runduna ta 17, wadda Kanar John Hale ya kafa a shekarar 1759. Shi Hale ne ya kai wa Sarkin Ingila labarin cin birnin Quebec da rasuwar Janar James Wolfe a wannan yaƙi. Saboda tunawa da Wolfe ne aka zaɓa wa rundunar alamar ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, tare da taken da ma'anarsa ita ce "mutuwa ko ɗaukaka". A shekarar 1822 aka mayar da ita rundunar masu mashi, bayan da Ingilishi suka ga irin ɓarnar da masu mashin Napoleon suka yi musu a yaƙin Waterloo na 1815.

Tushe na biyu shi ne runduna ta 21. Ita wannan ta samo asali ne daga sojan dokin Turawa na kamfanin da ya mallaki Indiya, kuma sai a 1897 aka ba ta mashi. A shekarar 1922, lokacin da aka rage yawan soja bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka haɗe rundunonin biyu suka zama ɗaya. A 1927 aka daina amfani da mashi a matsayin makamin yaƙi a sojan Ingila, sai dai a faretin biki. A 1938 kuma rundunar ta rabu da dawaki ta koma ga tankokin yaƙi. An sake haɗa ta da wasu rundunoni a 1993, sannan a 2015.

Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da aka yi irin wannan haɗe-haɗe, wani tsohon suna yakan ɓace. Gidan tarihi ne kaɗai wurin da sunan yake saura a rubuce. Wannan ne ya sa tsofaffin sojoji suke riƙe da irin waɗannan gidaje da hannu bibbiyu.

3.2 Gidan Tarihin da Ire-iren Kayansa

Daga shekarar 1964 zuwa 2007 kayan rundunar suna ajiye ne a fadar Belvoir. Daga baya aka mayar da su Thoresby, inda aka buɗe sabon gida a 2011, aka kuma haɗa su da kayan wasu rundunoni biyu na sojan sa-kai na gundumar Nottingham.

Ana iya karkasa kayan irin wannan gida gida biyar. Kashi na farko makamai ne, kamar mashi da takobi da gajerar bindigar da mahayi yake ratayawa. Mashin nan tsawonsa ya kai ƙafa tara, ana yin sandarsa da gora ko icce mai ƙwari, a kuma ɗaura masa ƙyalle mai launin ja da fari kusa da tsini. Kashi na biyu shi ne kayan sarki da huluna, musamman hular nan mai kusurwa huɗu wadda aka aro daga mahayan ƙasar Polan. Na uku kayan doki, wato sirdi da linzami da likkafa, da kuma tambura da mayafansu, waɗanda a jikinsu ake saƙa sunayen yaƙe-yaƙen da rundunar ta halarta. Na huɗu lambobin yabo da kayan azurfa na ɗakin cin abincin hafsoshi. Na biyar kuwa takardu ne, wato wasiƙu da hotuna da littattafan da soja suke rubuta abin da ya same su kullum.

Hanyoyin da kayan suke shigowa su ma sun bambanta. Wasu mallakar rundunar ne tun asali, wasu iyalan mamata ne suke bayarwa, wasu a kasuwar gwanjo ake saye, wasu kuma ganima ce da aka kwaso daga fagen yaƙi. Kowace hanya daga cikin waɗannan tana da tata matsala ga mai bincike, kamar yadda za a gani nan gaba.

3.3 Begilar Balaklaba da Matsalar Silsila

A ranar 25 ga Oktoba, 1854, cikin yaƙin Kirimiya da Ingila da Faransa da Daular Usmaniyya suka yi da Rasha, mahaya kimanin 670 ƙarƙashin Lord Cardigan suka kai hari cikin wani kwari da igwoyin Rasha suka tsare ta gaba da ta gefe biyu. Sanadin wannan kasada shi ne rashin fahimtar umarnin da babban kwamanda Lord Raglan ya aiko wa Lord Lucan ta hannun Kyaftin Nolan. Shi Nolan yana cikin waɗanda suka fara faɗuwa, saboda haka ba a samu damar jin ta bakinsa ba. Runduna ta 17 tana sahun gaba. An kashe mutum fiye da 100, an raunata kimanin 160, dawaki kuwa ɗaruruwa suka halaka. Daga baya mutum uku daga runduna ta 17 suka sami lambar jarunta ta Sarauniya Biktoriya, wadda aka ƙirƙiro a 1856.

Abin da ya fi shahara cikin kayan gidan tarihin shi ne wata begila da ta lotse, wadda aka danganta da William Brittain, mai busa na runduna ta 17 da yake tare da Cardigan a wannan rana. Brittain ya ji rauni mai tsanani, ya kuma rasu a asibitin Scutari a farkon 1855. Begilar ta daɗe a hannun jama'a kafin a kai ta gwanjo a Landan a 1964, inda aka saye ta aka miƙa wa rundunar kyauta.

To amma ba Brittain kaɗai aka jingina wa wannan busa ba. An jingina ta ga Henry Joy, wanda shi ma ɗan runduna ta 17 ne, amma yana tare da Lucan a ranar. Haka kuma a 1890 an ɗauki busar Martin Landfried a na'urar ɗaukar murya, inda ya gabatar da kansa a matsayin ɗaya daga cikin masu busa na wannan hari. Daɗin daɗawa, wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun ce ba a busa kiran hari ba sam, domin ruɗanin da aka shiga bai bari ba.

Bisa ga haka, akwai da'awa iri biyu da ya kamata a rarrabe. Cewa begilar ta Brittain ce, kuma ta shiga kwarin, magana ce da za a iya bin sawunta daga hannu zuwa hannu, kamar yadda malaman hadisi suke bin silsilar maruwaita. Amma cewa da ita aka busa kiran harin, wannan ƙarfen ba zai iya shaidarsa ba, sai an koma ga maganar waɗanda suka halarta, su kuwa sun saɓa wa juna. Ashe ke nan sahihancin abu daban, sahihancin labarin da aka liƙa masa kuma daban.

3.4 Omdurman da Matsalar Zaɓe

Matsala ta biyu ta shafi abin da aka zaɓa a nuna da abin da aka bari. A ranar 2 ga Satumba, 1898, sojojin Ingila da na Masar kimanin 25,000 ƙarƙashin Janar Kitchener suka gwabza da Ansar kimanin 50,000 na Halifa Abdullahi, magajin Mahadi Muhammad Ahmad, a filin Karari da ke arewa da Omdurman a ƙasar Sudan. Kafin wannan rana runduna ta 21 ba ta taɓa samun sunan wani yaƙi a mayafin tamburanta ba, har sauran sojoji suna yi mata ba'a a kan haka. Da Kanar Martin ya hangi wasu 'yan tsirarun Ansar, sai ya ba da umarnin a far musu. Sai da mahayan suka matso suka tarar da mutum wajen 2,000 a ɓoye cikin wani busasshen rafi. Cikin 'yan mintoci kaɗan, daga cikin mahaya kimanin 400, aka kashe 21, aka raunata kimanin 50, aka kuma yi asarar dawaki 119. A ƙarshe sai da suka sauka daga dawaki suka yi amfani da bindiga kafin su kori abokan gaba daga wurin. Mutum uku suka sami lambar jarunta ta Biktoriya, wato Kyaftin Kenna da Laftana de Montmorency da Farabiti Byrne. Winston Churchill, wanda daga baya ya zama Firayim Minista, yana cikin mahayan.

Wanda duk ya tsaya ga zane-zane da lambobin yabo zai ɗauka cewa wannan hari shi ne zuciyar yaƙin. Alhali kuwa abin da ya karya Ansar shi ne igwa da bindiga mai ruwa da bindigogin zamani, waɗanda suka kashe musu mutum fiye da 10,000, yayin da ɓangaren Kitchener bai rasa mutum 50 ba. Wato kusan rabin waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener sun mutu ne a harin da bai canza sakamakon yaƙin ba. Bugu da ƙari, waɗanda suka tare farmaki mafi haɗari a wannan rana su ne sojojin Sudan da Masar da ke ƙarƙashin Hector MacDonald, amma ba su ne aka fi zanawa ba. Shi kansa Churchill, a bugun farko na littafinsa kan wannan yaƙi da ya fito a 1899, ya soki yadda aka yi da raunanan Ansar da kuma rushe hubbaren Mahadi. An rage yawancin wannan suka a bugun 1902.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin ƙarya daga masu gidan tarihi ba. Manufar da aka kafa irin wannan gida a kanta ita ce a cusa wa sabon soja alfahari da rundunarsa, a kuma girmama mamatanta. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya yabi kansa, ya rasa mai yabonsa ne. Wajibi ne mai nazari ya san cewa mai kayan ne yake ba da labarin kansa.

3.5 Ganima da Batun Mayarwa

Bayan yaƙin Omdurman, sojojin Ingila sun kwashi jibbobin Ansar masu faci-faci da tutoci masu rubutun Larabci da takubba da sulke, kuma da yawa daga cikinsu suka ƙare a gidajen tarihin rundunoni daban-daban da gidajen manyan mutane a Birtaniya. A wurin wanda ya kwasa, jibba alamar nasara ce. A wurin zuriyar mai ita kuwa, tufar ibada da gudun duniya ce ta mutumin da ya mutu yana kare aƙidarsa. Wannan ya sa a wannan ƙarni ake ta muhawara kan halaccin riƙe irin waɗannan kaya. A shekarar 2019, alal misali, Gidan Tarihin Soja na Ƙasa da ke Landan ya mayar wa Habasha gashin kan Sarki Tewodros da aka yanke bayan yaƙin Magdala na 1868.

Masu goyon bayan riƙewa suna kafa hujja da cewa a can ne kayan suka fi samun kulawa, suna kuma nuni da rahotannin wawashe gidajen tarihin Sudan, har da Gidan Halifa na Omdurman, a yaƙin da ya ɓarke a 2023. Wannan hujja tana da nauyi ta fuskar tsaro, amma ba ta warware batun mallaka ba, domin iya adana abu bai mayar da shi na mai adanawa ba. Ta fuskar bincike kuma, asarar da aka yi tun farko ta fi girma: wanda ya ɗauki jibba a fagen fama bai tambayi sunan mai ita ba. Ana sane da sunan mai begila da inda ya rasu, amma mai jibba ba a san ko wane ne ba.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an yi ƙoƙarin nuna cewa kayan gidan tarihin rundunar sojan doki suna da amfani ƙwarai wajen sanin yadda soja ya yi shiga, da nauyin makaminsa, da yadda rundunar take kallon kanta. Amma an ga cewa akwai matsaloli uku da suke takaita wannan amfani, wato raunin silsilar labarin da ake jingina wa kaya, da zaɓen abin da za a nuna, da kuma ɓacewar sunan waɗanda aka ci da yaƙi. Saboda haka, kafin mai nazari ya kafa hujja da wani abu da ya gani a irin wannan gida, ya kamata ya yi tambayoyi uku: daga hannun wa ya fito, wa ya zaɓe shi, kuma me rubuce-rubucen ɓangarorin biyu suka ce game da ranar da aka danganta shi da ita. A babi na gaba za a dubi wasiƙun sojoji da littattafansu na yau da kullum, a gwada su da wannan ma'auni.