Salla da Addu'a a Majami'un Karkarar Kano

A ƙauyukan da ke arewa da yammacin birnin Kano, wajajen Bichi da Tsanyawa da Tofa, inda gona ke manne da gona har da wuya ka ga saura, akwai ƙananan majami'u na Hausawa tsantsa, yawancinsu jikokin Maguzawa. Idan ka tambayi maƙwabcinsu Musulmi game da su, amsar a taƙaice take zuwa: ai ba sa salla. Su ma ba za su musa ba. Addu'a suke yi, ranar Lahadi kuma su tafi sujada. Sai dai mutane da yawa suna jin wannan amsa kamar an ce ba su da ibada sam, alhali rabuwar kalmomin biyu tana da tarihi, kuma tarihin bai tsufa ba.

A 1900 wata tawagar mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, ya ba da shekaru ga fassara. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. A shekarun 1930 ɗin ne kuma gwamnatin Turawa ta sassauta takunkumin da ta sa wa 'yan mishan a masarautu, SIM ta shigo ƙasar Kano ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya, daga baya aka sami makarantar Baibul a Tofa. Ke nan littafin ya riga yawancin masu karanta shi zuwa. Kalmomin da manomin Bichi zai yi addu'a da su an zaɓe su tun kafin ya taka majami'a.

Masu fassarar sun tarar da Hausa ta riga ta raba abin gida biyu. Salla ita ce mai lokaci da alwala da alƙibla, har ma cewa mutum "yana salla" nufinsa Musulmi ne. Addu'a kuwa roƙo ce, kowa na iya yi, a ko'ina. Suka ɗauki addu'a. Zaɓi ne mai hankali, ni ma da shi zan yi, amma akwai abin da ya zube a hanya.

Kalmar Ibrananci ita ce tefilla, daga tushen p-l-l, wanda ke da alaƙa da shari'a da shiga tsakani. (Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, shi ya sa tsarin tushe mai baƙaƙe uku yake burge ni: ka sauya wasula, ma'ana ta juya, asali yana nan.) Tefilla ta haɗa abin da Hausa ta raba. A littafin Sama'ila na farko, Hannatu, matar da ba ta haihu ba, ta je wurin ibada a Shilo tana motsa leɓɓa babu sauti, har firist Eli ya zaci a buge take. Wannan addu'a ce irin wadda kowace mace mai kishiya za ta gane. Amma malaman Yahudawa daga wannan labarin suka ciro ƙa'idojin ibadarsu ta tsaye, wadda ake yi safe da yamma da dare, ana fuskantar Urushalima. Kukan mace ɗaya ya zama tsarin al'umma, sunan kuma bai sauya ba.

Abin da ya fi jan hankalina yana cikin littafin Daniyel, sura ta 6, wadda aka rubuta da harshen Aramiya, ɗan'uwan Ibrananci. An ba da labarin Daniyel yana durƙusawa sau uku a rana, tagarsa a buɗe wajen Urushalima. Kalmar da aka yi amfani da ita ga abin da yake yi ita ce mesalle. Maimaita ta da ƙarfi ka ji. Tushenta ɗaya da salat da musalli na Larabci, wato inda muka samo salla da masallaci. Durƙuson nasa kuma daga b-r-k yake, tushen da ya ba Ibrananci kalmar gwiwa da kalmar albarka. Har sujada ma tana nan a sura ta 3, a siffar segid. Kiristocin Masar da Lebanon har gobe salat suke kiran addu'arsu. Kiristan Hausa ne ya gaji labarin Daniyel ba tare da kalmar Daniyel ba.

Kiristocin farko ma masu lokaci ne. Ayyukan Manzanni ya nuna Bitrus da Yohanna suna zuwa Haikali a sa'a ta tara, wajen ƙarfe uku na rana, gab da la'asar ɗinmu. Wani tsohon littafin koyarwa mai suna Didake, na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya umarci a riƙa karanta Addu'ar Ubangiji sau uku a yini. Katolika da Angilikan sun riƙe addu'o'in safe da maraice a rubuce. Amma mishan ɗin da suka fi shiga karkarar Kano, waɗanda cocin ECWA ta fito daga cikinsu a 1954, sun fi son addu'ar da mutum zai yi da kalmomin kansa, ido a rufe, babu littafi.

Ka duba yadda wannan ya faɗa wa Bamaguje. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, ya rubuta cewa sun yarda akwai Allah, amma yana nesa, mu'amalar yau da kullum da iskoki ake yi, ta hanyar yanka: kaza ko akuya mai launin da iskan yake so, jini a gindin itace ko a bakin rumbu. Ibada abu ce da ake yi da hannu, kuma tana cin dukiya. Sai ga addini ya ce masa ya ajiye wuƙa, ya buɗe baki kawai, kuma ya kira Allahn nan mai nisa Uba. Yahudawa sun bi irin wannan mashigi bayan Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, lokacin da hadaya ta tsaya, addu'o'in yini suka gaji lokutanta. Su sun yi ƙarnuka suna sabawa. A ƙasar Kano mutum ɗaya ya ga duka biyun a rayuwarsa, ya yi yanka kafin shuka yana saurayi, ya yi addu'ar roƙon ruwa a majami'a yana tsoho.

Kalma guda ce ba ta wahalar da kowa ba. Amen ta Ibrananci daga tushen '-m-n take, mai nufin tabbata da abin dogaro, tushen da ya ba mu imani da amana da aminci ta hanyar Larabci. Marubutan Sabon Alkawari sun bar ta yadda take a cikin Helenanci, masu fassara zuwa Latin ma haka. Da Miller da abokan aikinsa suka iso kanta, sun tarar Kanawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna faɗinta a wajen suna da ɗaurin aure da jana'iza, sai kawai suka rubuta amin.