Daga Lenoir zuwa Wara: tarihin ɗan tartsatsin da ke sa inji misin

Wani kawuna da ke Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, ya taɓa sauya wa tsohuwar Peugeot 504 ɗinsa fulogi da kansa. Da ya tayar, sai mota ta kama karkarwa tana tari ta salansa. Fulogan sabbi ne, mai kuma mai kyau. To ina matsalar? Wayoyi biyu ya musanya wajen mayarwa. Wannan kuskure ya girmi kawuna, domin tun da aka fara ƙera inji mai ƙona mai a cikinsa ake fama da tambaya ɗaya: ta yaya wuta za ta kama daidai lokacin da ake so?

A 1860 Étienne Lenoir ya ƙera inji a Faransa wanda tartsatsin lantarki ke kunna masa gas. Dabarar ta yi, amma tartsatsin ba abin dogaro ba ne. Sai a 1902 Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Robert Bosch da ke Stuttgart a Jamus, ya haɗa maganeto mai ƙarfin lantarki da fulogi. Bayan shekara goma, motar Cadillac ta 1912 ta fito da tsarin Charles Kettering na Amurka: batir, kwayil da distiributa mai raba wuta ga silinda bi da bi. Wannan tsari ne a cikin 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna daga 1975.

Abin lura shi ne silinda ba sa kamawa 1, 2, 3, 4 a jere. A yawancin injina masu silinda huɗu tsarin 1-3-4-2 ne. Idan ka musanya waya biyu, wuta za ta je wa silinda biyu a lokacin da ba su matse mai da iska ba. Rabin injin ke nan ya tafi hutu. Shi ya sa tsofaffin makanikai ke cire waya ɗaya, su sauya fulogi, su mayar, sannan su taɓa ta gaba.

Akwai wani tarkon kuma. Mutum ya ciro fulogi, ya jingina shi da jikin inji, ya ga tartsatsi, ya ce lafiya lau. Ba lallai ba. A sarari, iska na buƙatar kimanin bolt 3,000 kafin wuta ta tsallake tazarar milimita ɗaya. A cikin silinda kuwa fistin ya matse iskar ninki-ninki, don haka ana buƙatar bolt dubu goma ko fiye. Idan bakin fulogi ya yi faɗi, ko farin tangaran ɗinsa ya tsage wajen ɗaurewa, wutar sai ta bi wata hanya mai sauƙi.

A ƙasar Yawuri wannan batu ya wuce na mota. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya shanye tsibirai da garuruwa, aka sake wa dubban mutane matsuguni, ciki har da Gungawa. Ruwan da ake haye wa da filafili ya yi faɗi, sannu a hankali injin da ake maƙala wa kwale-kwale, irin wanda Ole Evinrude ya fara sayarwa a Amurka wajajen 1909, ya zama abin zuwa kasuwa. Galibinsu masu bugu biyu ne, ana gauraya musu fetur da baƙin mai. In man ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi ya jiƙe. In ruwa ya shiga jarkar fetur, inji ya riƙa yankewa. Mota in ta mutu sai a gangara gefen titi. Jirgi cike da mutane da buhuna a tsakiyar tafki, ga iska ta taso, ba shi da gefen titi.

Motocin yau sun koyi kai ƙara da kansu. Daga 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka tsarin OBD-II, kuma yawancin tokumbo ɗinmu na ɗauke da shi. Kwamfutar motar na auna gudun karanshaf; duk silindar da ta ƙi kamawa, gudun zai ɗan ragu a daidai nan. Na'urar bincike sai ta nuna P0301 idan silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, P0300 idan abin na yawo. In fitilar inji tana ƙiftawa, ka tsaya: ɗanyen fetur na gangarawa salansa, zai iya ƙona matatar hayaƙi, wadda ta fi fulogi tsada nesa ba kusa ba.

Don haka idan misin ya biyo bayan gyaranka, fara da abin da hannunka ya taɓa. Duba jerin wayoyi, soket ɗin kwayil, tazarar fulogi, da tiyon iska da wataƙila ka manta a cire. A motar zamani, ɗauke kwayil ɗin silindar da ake zargi ka kai wata. Idan lambar ta bi shi, ka kama ɓarawonka. Kawuna dai minti biyu ya ɗauka ya mayar da wayoyinsa, bayan ya kwana yana zargin mai gidan mai.